Kawu da Langar Umma

Daga Allah muke, kuma Kawu ya riga mu komawa gare shi ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinsa na unguwar Ammariyya a Jidda. Kwana tara gawarsa ta yi a firji kafin a samu takardar da za a binne shi da ita. Sai bayan nan muka shimfiɗa tabarmi, maza suka jera kujeru a lungu, aka ɗora gahawa, mutane suka fara shigowa.

Ni ce mai zuba gahawa a ɓangaren mata, saboda haka babu abin da ya wuce kunnena. Wata dattijuwa 'yar Damagaram ta riƙe hannun Umma ta ce, "Allah sarki, ashe bai bar baya ba? To, Allah ya sa haƙurinsa ya bi shi." 'Yan matan da aka haifa a nan, waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba, suna ta raɗa wa juna, "Min? Ammu mai asuwaki?" wato, "Wa? Baffan nan mai asuwaki?" Iyakar abin da suka sani ke nan, tsoho mai ɗingishi da kwalin asuwaki a kasuwar Bab Makka. Ta taga kuma na jiyo wani abokin zamansa yana gaya wa maza, "Mutumin kirki ne wallahi, amma ya cika shisshigi. Ina ruwan Bakano da faɗan Girkawa da Turkawa? Da ya kama kansa, da da iƙamarsa, takardar zamansa, zai mutu, a gadon asibiti kamar kowa." Aka amsa masa da "Haka ne kam."

Na ajiye butar. Na so in leƙa in tambaye shi ko ya manta burodin wa ya yi shekaru yana buɗa baki da shi. Na fasa, gidan makoki ne. Amma a ranar na ƙudurta sai na rubuta, domin na ga in aka bar wa mutanen lungun nan, kafin a yi sadakar arba'in Kawu ya zama mai asuwaki mai shisshigi, shi ke nan.

Kawu yayan Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka zo aikin hajji, shi da ita da Abba, tana amarya, da 'yan kayan ɗakinta a akwatin ƙarfe. Jirgi ya koma Kano ya bar su, kamar yadda ya bar mutane da yawa. A nan aka haife ni aka sa min sunan mahaifiyarsu, shi ya sa har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata. Sau ɗaya ya yi aure, matar ta rasu ba su haihu ba, bai sake ba.

Aikin da ya samu a furun ne, gidan burodin da ke ƙasan benen da muke haya. Mai furun ɗin Bagirke ne daga tsibirin Ƙubrus, kowa Hawaja yake ce masa. Ya zo Jidda ne bayan yaƙin da ya raba tsibirin biyu. Garinsu ya faɗa ɓangaren da sojan Turkiyya suka kama, gidansu da itatuwan lemonsu suka tafi, ƙaninsa kuma ya fita ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Hoton ƙanin na rataye a saman ƙofa, garin fulawa ya yi masa fari-fari. Ba zan ɓoye alherinsa ba duk da abin da ke raina: Hawaja ne ya kai Kawu wurin kafili, ɗan ƙasar da furun ɗin ke ƙarƙashin sunansa, ya tsaya har aka yi masa iƙama. Takardar da aikin a ɗaure suke da juna. Ranar da aikin ya tafi, takardar ma ta kama hanya.

Taku goma sha biyu daga ƙofar furun, Kawu ne ya ƙirga, akwai shagon aski na wani Baturke da ake kira Usta. Shi ma yana da nasa hoton a jikin madubi, ɗan yayansa ne cikin kakin soja, wanda aka kai tsibirin aka dawo da shi a akwati. Mutanen nan biyu ba sa gaisawa. Hawaja ya gwammace ya taka har unguwar Balad a yi masa aski, Usta kuma ya ci busasshen burodin wani lungu da ya sayi na maƙwabcinsa da zafinsa. In ɗaya ya watsa ruwa a ƙofarsa, sai ya tabbatar ya gangara wajen ɗayan.

Hawaja mutum ne mai son jera manyan ƙasarsu. Yana murza ƙulli yana lissafi da gurguwar Larabcinsa: jiragen ruwan da ke tashar teku rabinsu na Girkawa ne, babban likita kaza a Amurka Bagirke ne, mai gina gadoji a ƙasa kaza nasu ne, har wata mawaƙiya da sarakuna ke miƙewa in ta shigo. Kawu yana bakin wuta da doguwar cebur ɗinsa ta katako, sai ya ce, "To Hawaja, wai me ya sa duk manyanku a waje suke? Gidan ba ya zaunuwa ne?" Hawaja ya jefe shi da guntun ƙulli, su yi dariya. In ya hawo sama cin abinci sai ya ce da Umma, "Kin ga su, duk wanda ya fita ya yi abin kirki sai sun rubuta sunansa. Mu nan mun fi ƙarni muna gina garin nan, ko mai ƙirga mu babu."

Abin da Kawu ya kasa jurewa shi ne gaba. A wurinsa maƙwabta biyu su wayi gari ba sallama, masifa ce da za ta iya sauka kan lungun gaba ɗaya. Bai san tsibiri ba, bai san tuta ba, bai san abin da kakannin kakanninsu suka yi wa juna ba. Ya ɗauke su kamar 'yan'uwa biyu da suka ɓata kan gadon gona a ƙauyensu, irin waɗanda dattijo ɗaya da kwanon tuwo ke shiryawa. Kuskurensa ke nan, in kuskure ne.

A azuminsa na farko a furun ya hawo ya ce da Umma, "Ara min langarki."

Langar aurenta ce, fara mai jan fure, da murfinta. Ya zuba rabonsa na shuraik a ciki, burodin nan mai riɗi da mutanen Jidda ke buɗa baki da shi, ya tsallaka lungu gab da magariba ya miƙa wa Usta. Ya ce, "Hawaja ya ce a kawo maka. Ya ce a gaishe ka da shan ruwa."

Ƙarya ce tsagwaronta. Umma ta faɗa masa haka, ya ce malamai sun ce wadda aka yi don a shirya mutane ba ta cikin lissafi. Abin da shi kansa bai sani ba shi ne, ashe Turkawa ma kamar mu suke, ba sa mayar da kwano haka nan. Washegari Usta ya kira shi ya ba shi langar cike da baƙlawa, wani kayan zaƙi nasu mai kama da alkaki, fuska a murtuke. Kawu ya kai wa Hawaja, wannan karon da gaskiyarsa: "Usta ya aiko." Kwana biyu langar ta yi a kan buhun fulawa ba a taɓa ba. A na uku Hawaja ya buɗe ya ɗanɗana, ya yi tsaki ya ce, "Wannan ai namu ne, satarsa suka yi." Ya cinye tas. Sannan ya tuna uwarsa ma ba ta mayar da kwanon maƙwabci wayam, ya cika ta da burodin zaitun ya ce, "Yalla, maza kai wa mahaucin can."

Kawu ya tsallaka ya ce, "Ya ce Allah ya saka da alheri, bai taɓa cin mai daɗinta ba."

Haka aka yi shekara ashirin da ɗoriya. Kowace Juma'a, da azumi kuwa kullum. Kowannensu ya tabbata ɗayan ne ya fara saukar da kai, don haka yana karɓa yana hura hanci. Kowannensu kuma ya ɗauka langar ta ɗayan ce. Hawaja ya kan ce dubi wannan jan furen, Baturke ne kaɗai zai sayi irinsa. Usta ya ce da gani ka san kayan Girkawa ne, ba tsari. Langa kuwa daga kasuwar Kurmi ta fito. A cikin taku goma sha biyun nan Kawu yake wanke duk zagin da aka ɗora masa, ya isa da gaisuwa. In Usta ya ce, "Gaya wa kafirin can gishirinsa ya yi yawa," abin da ke isa furun shi ne, "Yana tambayar ƙafarka, ya ce ka rage tsayuwa." Har lokacin ba su gaisa baki da baki ba, amma ruwan wanke ƙofa ya daina gangarawa, kuma ranar da Hawaja ya kwanta da zazzaɓi, miya ce ta zo a langar. Umma ta kan tare shi a matakala ta ce, "Yaya, langata fa?" Ya ce, "Tana wurin aiki, ƙanwata. Ta fi ki samun lada."

Na girma ina ganin abin nan kamar fitowar rana, ban taɓa tunanin zai ƙare ba.

Ina da shekara goma sha takwas, cikin wani azumi, ƙasashen nasu suka tashi yin yaƙi kan wani dutse a tsakiyar teku, wanda aka ce ba kowa a kansa sai awaki. Waɗannan su kafa tuta, waɗancan su cire su kafa tasu. Hawaja ya ƙure rediyonsa da Girkanci, Usta ya ƙure nasa da Turkanci, lungu ya cika da ihun da ba mai fahimta. Bayan la'asar ne, layin masu sayen shuraik ya kai bakin titi, ni kuma ina taga ina tsince shinkafa. Sai Hawaja ya fito ƙofa ya tofar da yawu ya faɗi wata magana kan tutar Turkawa. Usta ya fito da reza a hannu, kumfa a yatsunsa. Ranar ce ta farko da na ji sun yi wa juna magana.

"Kai! Shekara ashirin kana aiko min da burodi kana neman sulhu, yau kuma ka zagi tutarmu?"

"Ni? Ni na nemi sulhu da kai? Kai ne ka aiko min da baƙlawa kamar mai neman aure!"

"Kai ka fara! Da kwanonka!"

"Kwanona? Wannan kwanon naka ne!"

Tare suka juya suka dubi ƙofar furun, inda Kawu ke tsaye da cebur a hannu, gumi na zuba. Bai gudu ba, bai kuma ƙara wata ƙaryar ba. Ya ce, "Ni ne. Na ga maƙwabta ne ku."

Mutanen layi suka fashe da dariya. Ina ganin dariyar nan ce ta kashe mu. Fuskar Hawaja ta yi jawur, ya tako ya fizge cebur ɗin daga hannun Kawu. Ya nuna hoton saman ƙofa ya ce, "Shekara ashirin ka sa ina durƙusa wa Baturke a gaban ƙanina, ban sani ba. Halas, an gama. Fita." Kawu ya ce, "Hawaja, akwai burodi a wuta, bari in fitar." Ya ce, "Ya ƙone."

Na ji haushin Hawaja, amma wanda ban yafe wa ba Usta ne. Sahu ɗaya suke sallah da Kawu, kafaɗa da kafaɗa, shekara da shekaru. Kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya sanyaya wurin. Ya dubi Kawu sama da ƙasa ya ce, "Aib alaik, ya shaikh, abin kunya ka yi. Ka ciyar da ni ƙarya ina azumi." Ya shige shagonsa ya ja ƙofa. Langar tana wurinsa a ranar, a can ta zauna. Mun sha ruwa da warin ƙonannen burodi yana hawowa ta taga, Kawu bai ci ko dabino ba.

Watanni kaɗan iƙamarsa ta ƙare. Kafili ya ce sunansa ba ya cikin ma'aikatan furun, ba abin da zai iya yi. Abba ya yi ta yawo wurin masu hanya har ya gaji. Mutumin da ya kai shekara hamsin da biyar, wanda rabin Ammariyya ta ci daga hannunsa, ya koma ɗan ɓoye. Ya sayi kwali ya fara kasa asuwaki da carbi a Bab Makka, ido ɗaya kan mai saye, ɗaya kan motar 'yan kame. Sau biyu na ga ya dawo ba takalmi.

Amma bai taɓa yarda an kore shi ba. Cewa yake, "Fushi ne, zai huce. Zai kira ni." Abin da ya zauna jira ke nan har ƙarshen ransa, a leƙo daga ƙasa a ce ya sauko bakin wuta. Farar rigar aikinsa duk Alhamis sai ya ba ni na wanke na goge, ya ninke ya ajiye a kan akwati. Da asuba in ƙamshi ya hawo sai ya ɗaga hanci ya ce, "Sun yi saurin fitarwa, cikin bai nuna ba." Ko kuma, "Wutar ta yi yawa ta hagu, sabon yaron nan bai san halinta ba." Bai taɓa kuskure ba, in aka sayo sai mu tarar haka ne. Shi kuwa bai sake sa burodin furun ɗin a bakinsa ba. Ya ce sai ranar da ya gasa da hannunsa.

Bayan shekara uku girgizar ƙasa ta afka wa Turkiyya. Garin su Usta na cikin inda abin ya fi muni, ƙanwarsa da 'ya'yanta biyu suka rasu a ƙarƙashin gini. Da hantsi na ga Hawaja ya fito da tiren burodi a hannunsa, ya yi takun nan goma sha biyu da ƙafarsa, ya shiga shagon aski. Ba a yi wata guda ba ƙasa ta girgiza a Girka, sai ga Usta ya tsallako da langar Umma. Suka rungume juna a tsakiyar lungu, tsofaffi biyu suna kuka kamar yara. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na yi hawaye.

Kawu ya yi ta hamdala har muryarsa ta dishe. Da la'asar ya sa farar rigar, ya ɗauki kujera ya zauna a bakin matakala inda duk mai fitowa daga furun zai gan shi. Hawaja ya wuce sau biyu. Na farko ya kalli agogonsa, na biyu ya ɗaga masa hannu kamar yadda ake yi wa mai gadi. Da aka kira magariba Kawu ya hawo ya cire rigar ya ninke. Ya ce, "Yau hankalinsu ba a kwance yake ba. Sai an kwana biyu."

Daga nan su biyun suka zama aminai. Tare suke shan gahawa a ƙofar shago, suna musun ko ta Girkawa ce ko ta Turkawa, suna dariya. Langa ta ci gaba da zirga-zirga, da hannunsu. Furun ɗaya ya zama huɗu, har da wani mai gilashi a sabuwar unguwa. Da tsufa ya kama Hawaja sai ya bar wa 'ya'yansa ya koma ƙasarsu. Ranar tafiyarsa ya aiko mana da kwalin biskit.

Wata rana mijina, wanda ya yi boko a Zariya kafin ya zo, ya je aski ya dawo ransa a ɓace. Ya ce Usta ya rataye wani shafi na mujalla a jikin madubi, cikin gilashi. Mujallar Girkawan da ke zaune a ƙasashen waje ce, da Girkanci da Turanci, an jera waɗanda suka yi fice: masu jiragen ruwa, likitoci, malaman jami'a. A cikinsu har da Hawaja, ya shiga jerin da ya yi rayuwarsa yana lissafawa. Ya ɗauko hoton shafin a wayarsa ya fassara mana. An rubuta cewa wannan bawan Allah, duk da ya rasa gida da ƙani, a wani azumi ya cika kwano da burodi ya aika wa maƙwabcinsa Baturke, ya koya wa 'yan siyasar ƙasashen biyu abin da suka kasa. Ga hotonsa da Usta, sun riƙe langar Umma a tsakiya, kowa da kunne ɗaya.

Na ce ya sake karantawa, ko akwai inda aka ce wani ma'aikaci, ko wani baƙar fata, ko wani ɗan aike. Babu. Abin da ya kori Kawu a kansa a gaban jama'a, shi ne ya ɗauka ya rataya a wuyansa.

Kawu ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Murfin ya ɗan lotsa. Amma suna goge ta da kyau."

Ranar na yi masa abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya. Na ce, "Kawu, wai kai ba ka da zuciya ne? Sun cinye ka, sun cinye takardarka, yanzu sun cinye har labarinka, kai kana maganar murfi? Ka tashi mu je shagon nan ka fasa gilashin! Ka daina ba ni rigar nan ina wankewa, ba mai kiranka!"

Ban taɓa ganin fushinsa ba sai ranar. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Uwata, ki kiyaye ni. Kina tsammani ban sani ba? Na fi ki sanin ba mai kirana. To in na daina jira, in yi me? Sun shirya ko ba su shirya ba? Shi kaɗai ya rage min, shi ma sai kin karɓe?" Ya juya fuska ga bango. Kwana biyu bai yi min magana ba, a na uku ya aiko min da asuwaki mai laushi, wanda ya san ina so, don shi gaba ba ta wuce masa kwana uku. Alhamis na zagayowa na karɓi rigar na wanke.

Ciwon suga ne ya ci shi ta ƙafa. Wani ɗan ƙarfe ya taka a Bab Makka garin gudu, ciwon ya ƙi warkewa. Mun yi roƙo, mun yi kuka, ya ƙi asibiti. Ya ce, "In na shiga za a ce ina iƙama. Daga gado sai jirgi. Wa na sani a Kano yanzu? Duk suna ƙasa." Wani mai ba da magani ɗan ƙasarmu ya riƙa zuwa yana wanke masa a gida, har abin ya fi ƙarfinsa. A satinsa na ƙarshe ba ya gane mutane sosai, amma da safe in ƙamshi ya hawo sai leɓensa ya motsa. Na kai kunne na ji yana cewa a fitar, a fitar, zai ƙone.

A rana ta uku ta zaman makoki, bayan la'asar, mijina ya leƙo ya ce ga Usta yana son yi wa Umma gaisuwa. Ya tsufa ƙwarai, da sanda. Ya tsaya bayan labule, ya miƙo wani abu a naɗe da tawul. Langar ce, cike da wata halawar gari da Turkawa ke yi wa mamaci, da ɗuminta.

Ya yi ta'aziyya da Larabci. Sannan ya ce, "Ya hajja, ɗan'uwanki ne ya fara. Ba ni ba, ba Hawaja ba. Shi ne."

Umma ta ajiye langar a gefenta. Ni na kasa haƙuri. Na ce, "Yau ka sani, ya ammi?"

"Tun ranar na sani."

"Shekara goma sha shida yana zaune a bakin matakala, taku nawa ne daga shagonka? Shafin da ke jikin madubinka fa?"

Na ji sandarsa na gogar siminti. Can ya yi gyaran murya ya ce, "Hawaja ya bugo waya daga can. Ya yi kuka sosai. Ya ce a gaishe ku, ya ce bai taɓa samun ma'aikaci kamarsa ba."

Na san wannan ƙaryar. A gidanta na girma, na san yadda ake ɗan dakatawa kafin a faɗe ta, na san yadda ake ƙara mata gishiri a ƙarshe. Hawaja bai bugo ba, mai yiwuwa ko labari bai kai masa ba. Tsohon nan ya tsaya a ƙofarmu yana yin aikin Kawu, aikin da ya ce masa aib a kansa a gaban duk lungu. Na buɗe baki zan faɗa, Umma ta danne min gwiwa. Ta ce, "Muna amsawa. A ce mun gode."

Ya juya zai tafi, sai ya ce ba gaggawa, duk ranar da aka gama da kwanon a aika masa, don amanar Hawaja ce da ya bar masa.

Umma ta ce, "Langar tawa ce, Usta. Ta aurena ce. Aro ya yi."

Ya daɗe a tsaye bayan labulen. Sannan muka ji yana sauka a hankali, matakala ɗaya bayan ɗaya.

Umma ta sa aka raba halawar a lungu sadaka, ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta wanke langar da kanta, ta ƙi a taya ta, tana bin jan furen da yatsa inda ya goge. Ni kuwa zuciyata ba ta huce ba, har yanzu da nake rubutun nan ba ta huce ba. Na ce, "Umma, da kin bar ni na mayar masa da ita haka nan, wayam, ya ji yadda ake ji."

Ta ce, "A mayar wa wa? Ta gama aiki." Ta miƙa hannu kan akwatin Kawu ta ɗauko farar rigar, wadda na goge ranar Alhamis ɗin ƙarshe, ta ƙara ninke ta har ta shiga, ta rufe da lotsattsen murfin, ta ɗora a saman kabad.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa ƙaryarsa in har ta shiga lissafi. Ya kira shi da sunansa, ya saukar da shi inda ba a tambayar iƙama.